Bawa Maikada daban, Sani Mu'azu daban

Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo mana shiri mai dogon zango Daɗin Kowa, sai Kwana Casa'in a 2019, Aminu Saira kuma ya fito da Labarina a 2020. A da yawanci fim na zama ɗaya ne, a kalla a watse. Yanzu mutum yakan shekara yana ganin fuska ɗaya duk mako, har ta zame masa kamar ta maƙwabci. A nan ne wani zalunci ya samu gindin zama: marubuci ya ƙagi mugu, amma ɗan wasa ake tsine wa.

Wanda ya ji haushin Gwamna Bawa Maikada na Kwana Casa'in bai yi laifi ba, dama an gina shi ne don a ƙi son mulki irin nasa. Haka wanda kwaɗayin Baba Ɗan Audu na Labarina ya ƙona wa rai. Sai dai Alfawa, jihar Bawa Maikada, ba ta cikin taswirar Najeriya, Sani Mu'azu da ya fito a matsayinsa bai taɓa mulkarta ba, Rabi'u Rikadawa da ya fito a Baba Ɗan Audu kuma aikin da aka ba shi ya yi, ya kuma iya. Duk wanda ya bi ɗan wasa da ashar a waya, ko ya yi masa ature a kasuwa, ya ci mutuncin wani mai iyaye da 'ya'ya a kan abin da bai aikata ba. Mata sun fi shan wannan. Wadda ta fito a muguwar kishiya ko 'yar bariki, sai a yanke cewa halinta ne, zancen ya bi ta har maganar aurenta. Wannan ƙazafi ne, kuma Musulunci bai sassauta shi don wadda aka yi wa 'yar fim ce ba.

Wasu za su ce ai ɗan wasan ne ya karɓi rawar, har aka biya shi. Gaskiya ne, amma labarin da babu azzalumi a ciki me zai koyar a kan zalunci? Masu cewa wasu finafinan na ɓata tarbiyya sun fi hujja, don akwai masu ƙawata ɓarna. To, wannan ƙorafi yana da inda ake kai shi: marubuci, darakta, da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa tun 2001. Mai kallo ya soki labari iya son ransa, ya daina kallo in ya ga dama, amma ya bar mutuncin ɗan wasa, domin haƙƙi ne da za a tambaye shi gobe kiyama.