Dodon Azumi da Dodon Cikin Waya

Ko ya halatta yaro ya ƙirƙiri dabbar da babu ita a duniya, ya raɗa mata suna, ya hore ta, sannan ya tura ta ta yi faɗa da ta abokinsa? Wannan ce gardamar da ta raba kan gidaje biyu a layinmu na Kuluba, nan Wagadugu. Ni tela ne, da yamma kuma ina biya wa yara karatu, shi ya sa ɗan ƙanwata ya kawo mini littafin da shi da abokansa suka rubuta dokokin wasansu, ya ce in duba.

Wasan ba shi da hoto, ba shi da kati. Rubutu ne zalla a WhatsApp, Faransanci a cakuɗe da Hausa da yaren Mosi. Kowa na da dodonsa. Wani ya yi damo mai fitar da wuta, wani ya yi zabuwa mai ƙaho, ɗan ƙanwata kuwa jakin dawa ne da yake ɓacewa in an yi walƙiya. Mutum ɗaya shi ne alƙali, shi ke faɗin dajin da aka shiga da wanda ya yi galaba. Ba su ɓoye inda suka samo tsarin ba: Pokémon ne, wasan da wani Bajapane mai suna Satoshi Tajiri ya ƙago, kamfanin Nintendo ya fitar a 1996 da halittu 151. Yau sun haura dubu. Tajiri ya tashi yana farautar ƙwari a bayan garin Tokyo, da gine-gine suka cinye filayen sai ya mayar da farautar cikin na'ura.

Mahaifin ɗaya daga cikin yaran, mutum ne mai karatu, ya ce haramun ne, kuma ba da ka ya faɗa ba. A 2001 malaman fatawa na Saudiyya sun haramta Pokémon, Shaihu Yusuf al-Ƙardawi ma ya yi haka daga Ƙatar, maganar kuma ta sake tashi a 2016 da Pokémon Go ya fito. Sai dai hukunci yana tafiya ne da dalilinsa. Dalilan da suka kawo su ne caca a cinikin katunan, da koyar da ra'ayin Darwin, da wasu alamomi na wasu addinai a jikin katin. Na bi littafin yaran shafi-shafi ban ga kati ba, ban ga ko dala da aka aza ba. Rikiɗar da dodon ke yi in ya girma kuwa ta fi kama da yadda tsutsa ke zama malam-buɗe-littafi, abin da kowane yaro ke gani da damina.

Batun cewa halittar babu ita, nan ma raina bai ɗaga ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ga kayan wasan Nana A'isha, a ciki har da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaye ta, ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya har haƙoransa suka bayyana, bai ce a jefar ba. Ƙarya ita ce ka faɗi abin da ba haka yake ba don a ɗauka haka yake. Wanda ya ce Gizo ya auri 'yar sarki bai yaudari kowa ba, domin masu sauraro sun san inda aka dosa tun daga buɗe baki.

Mu 'yan Wagadugu ma ai bai kamata dodon wasa ya firgita mu ba, mu muka kawo shi garin nan. Kakanninmu fatake da suka zauna a Zango, unguwar da Mosawa ke kira Zangwetin, su suka zo da wasan dodo na watan azumi tun ƙarni na 19, ɗan'uwan tashen Kano da Katsina. Yadda muka ji daga manya, wani maharbi ne ya tafi farauta ranar Juma'a alhali an hana shi, ya yi kisa, sai aka mayar da shi rabi mutum rabi dabba, har da wutsiya. Muna yara, tun azumi bai kama ba muke neman fasasshiyar ƙwarya. A huda idanu, a manna kunnuwan kwali, a shafa baƙin tukunya. Jiki kuma a ɗiɗɗiga masa farar ƙasa, a ɗaura gwangwanaye da tsakuwa a ƙwauri don su yi ƙara. Akwai mawaƙi, akwai makaɗa, akwai mai baka da kibiya a matsayin maharbi, sauran duk namun daji. In an sauko daga asham sai a bi gida-gida. Ni kura nake yi, saboda na iya ɗingishi. 'Ya'yan Mosawa sun karɓi wasan, har da na Kirista, ya zama na gari duka. Aikin sake gina tsakiyar gari da ake kira ZACA ya rushe Zangwetin a 2003, ya haɗa da wani yanki na Kuluba, mutanenmu suka watsu zuwa bayan gari, yaran da da za su haɗu a ƙofar gida ɗaya yanzu sai an hau babur. Ban ga laifinsu ba in sun nemi filin wasa a cikin waya.

Inda na tsaya na jima shi ne wurin da yaro yake tsayawa a cikin wasan. A dodonmu kai ne dabbar. Kai ke yin gumi a cikin ƙwarya, kai maharbi ke bi, kai ke faɗuwa a ƙura in ya harbe ka, labarin kansa kuma gargaɗi ne ga mai ɗaukar ran dabba ba bisa ƙa'ida ba. A wasan da yaran suka aro, yaro yana baya hannunsa a aljihu, yana ba da umarni, wata halitta na shan duka dominsa. In ta ci, sunansa ne ya ɗaukaka.

Akwai hadisin Ibn Abbas a wurin Abu Dawuda da Tirmizi da ya hana zuga dabbobi su yi faɗa da juna. Malaman hadisi sun yi magana kan isnadinsa, amma malaman fiƙihu ba su yi sassauci ga karon raguna da faɗan zakaru ba. Da na ambaci wannan, ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, ai jakina ba ya jin zafi, rubutu ne." Gaskiyarsa. Ba zan ɗauki hukuncin rago mai jini in aza wa haruffa ba, yin haka wasa da addini ne. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin karon raguna ya san cutar ba a kan rago kaɗai take ba. Dubi fuskar mai ragon sa'ad da jini ya fara zuba a gindin ƙaho, yana ihu yana neman a ƙara. Wannan mutumin ma an yi masa wani abu. Yaron da zai shafe wata shida kullum dare yana rubuta "kai masa, kar ka raga", wani hali yake biya wa kansa, ko da babu dabbar da ta ji ciwo.

Su masu Pokémon sun san da wannan. Halittunsu in sun sha kaye a faɗa suma suke yi, ba sa mutuwa. A wasan da suka fitar a 2010 har sun sa wata ƙungiya mai cewa a saki halittun nan su huta, sai dai daga ƙarshe suka mayar da shugabanta mayaudari, tambayar ta bi ruwa. Kamfanin da ke cin abinci da faɗan ba zai amsa ta da gaske ba. Yaranmu kuwa ba abin da suke sayarwa, suna iya amsawa.

Shawarar da na ba su ke nan: kada kowa ya rubuta maganar dodonsa da kansa. Kai ne mai jakin dawa, amma abokinka ne bakin jakin, kai kuma bakin zabuwar wani. In ka bar shi da yunwa a labarin jiya, yau yana da damar ya ƙi fita. In ya ga abokin karonsa ya jigata, yana iya juyawa ya ce shi ya gama. Dole ka lallashe shi, ka ba shi haƙuri, ko ka kwana da kaye. Suka yi caa a kaina. Ɗaya ya ce, "Malam, haka wasan zai yi sanyi." Wani ya ce abokinsa zai riƙa sa dodon ya ƙi faɗa don mugunta kawai. Wannan matsala ce ta gaske, su suka warware ta da kansu: ƙin faɗa sai da dalilin da ke cikin labari, alƙali ne zai duba.

Abu biyu na ce a goge ba tare da shawara ba. Wani ya sa wa dodonsa sunan ɗaya daga cikin iskokin bori, wani kuma ya sa ayar Alƙur'ani a matsayin makamin da ake jifa da shi. Zabuwa mai ƙaho kowa ya san babu ita. Aljanu kuwa akwai su, akwai kuma masu kiran waɗannan sunaye ba da wasa ba.

Mahaifin nan bai sauka ba har yanzu, kuma hujjarsa ta ƙarshe ta fi ta farko nauyi. Ya ce Risala, wadda duk muka karanta a zaure, ba ta halatta wasan nardu da shaɗaranji ba, kuma abin da malamai ke gudu a cikinsu shi ne shagala. Na ce masa Shafi'iyya sun sassauta kan shaɗaranji in babu kuɗi kuma bai ci sallah ba, dattawanmu kuma suna dara a gindin bishiya ba wanda ya kore su daga sahu. Ya ce mai dara yana tashi in rana ta faɗi, waya kuwa har cikin bargo take bin yaro, ga kuɗin mega da ake tatsa daga kuɗin karin kumallo. A nan na ba shi gaskiya. Yaran sun ƙara doka cewa ana rufe wasa daga magariba zuwa bayan isha'i, wanda kuma ya yi rubutu bayan ƙarfe 11 na dare dodonsa zai kwana biyu a ɗaure. Ya ce zai bar ɗansa ya shiga in an gama jarrabawa, da sharaɗin a sa lambarsa a ciki ya riƙa karantawa, yaran kuma har yau ba su amince da sharaɗin ba.