Haƙƙin Aiki da Haƙƙin Mai Sallama

Akwai wata tambaya da ba ta barin duk wanda aka ɗora wa wani aiki a wuyansa, ko alƙali ne a zauren shari'a, ko malami a gaban almajiransa, ko akawu a ofis, ko tela a bakin kekensa: idan mutum ya duƙufa a kan abin da ya wajaba a kansa, hankalinsa ya taru, hannunsa ya kama, sai ga wani ya yi sallama da wata bukata tasa, wanne ya fi cancanta a gabatar, aikin da ke hannu ko mutumin da ke ƙofa? Mutane da yawa sun ɗauki wannan sha'anin dabara ne kawai, wato yadda za a tsara yini don a tashi da wuri; amma wanda ya yi tadabburi zai ga mas'ala ce ta haƙƙi, domin sa'o'in nan da yake rabawa ba mallakarsa ba ne shi kaɗai, akwai rabon Ubangiji a cikinsu, akwai na wanda ya ɗauke shi aiki, akwai na iyali, akwai kuma na baƙon da ƙaddara ta kawo, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba za a tambaye shi a kansa ba.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Duk yaron da ya karanta Ahalari a zaure ya san cewa lokacin salla iri biyu ne, mukhtari da laruri, ya kuma san cewa wanda ake bin sa ramuwar farillai ba shi da damar shagala da nafilfili sai ya sauke abin da ke kansa. Ashe tun daga littattafan farko ana koya mana cewa ayyukan alheri ba sahu ɗaya suke ba, kuma mutum yana iya yin kuskure alhali abin da yake yi ɗin kyakkyawa ne, don kawai ya yi shi a sa'ar da ba tasa ba. Shihabuddin al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na ƙasar Masar wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya tattara wannan a littafinsa Al-Furuƙ, inda ya nuna cewa idan haƙƙoƙi suka ci karo, ana gabatar da mai ƙuntataccen lokaci a kan mai yalwataccen lokaci, da farali aini a kan farali kifaya, da kuma abin da ake tsoron kuɓucewarsa a kan abin da ba ya kuɓucewa, ko da kuwa na biyun ya fi na farkon daraja. Misalin da ya kawo a kan wannan na ƙarshe ya isa a tsaya a kansa: mutum yana karatun Alƙur'ani sai ladan ya ɗaga murya, to sai ya dakata ya amsa kiran, ba don amsa kira ta fi tilawa falala ba, sai don tilawa tana nan tana jiransa, kira kuwa da ladan ya sauke shi ke nan ya wuce.

A nan ne, a ganina, mafi yawanmu muke ruɗewa, domin mun ɗauka cewa abin da ya fi girma shi ne kullum ya kamata ya zo farko, alhali girma daban, gabata daban. Salla ginshiƙin addini ce, amma malamai sun haɗu a kan cewa mai salla zai yanke ta idan ya ga makaho zai faɗa rijiya ko yaro zai afka wuta, saboda salla ana sake ta, rai kuwa ba a sake shi. Ma'aunin da shari'a ta ba mu ke nan, kuma ba ya bukatar dogon lissafi: me zai lalace idan na jinkirta shi, kuma haƙƙin wa zai tozarta?

Wanda yake son ya ga wannan ma'auni yana aiki, to ya dubi abubuwa biyu da suka faru a majalisar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waɗanda a zahiri kamanninsu ɗaya ne amma hukuncinsu ya bambanta. Buhari ya ruwaito cewa wata rana yana cikin yi wa jama'a magana sai wani Balaraben ƙauye ya katse shi da tambaya a kan yaushe ne tashin alƙiyama. Bai tsaya ba, ya ci gaba da zancensa, har wasu suka yi zaton bai ji ba, wasu kuma suka yi zaton ya ji amma bai so tambayar ba, sai da ya kai ƙarshen abin da yake faɗa sannan ya nemi mai tambayar da kansa, ya ba shi amsa. Muslim kuwa ya ruwaito cewa Abu Rifa'a ya iske shi yana huɗuba, ya ce shi baƙo ne da ya zo neman sanin addininsa, bai san kome a cikinsa ba. Nan take ya bar huɗubar, ya nufo shi, aka kawo masa kujera ya zauna, ya karantar da shi abin da ya sawwaƙa, sannan ya koma ya cika huɗubarsa. Imam Nawawi ya bayyana dalilin wannan da cewa wanda ya zo tambayar asasin imani ba a jinkirta masa. Tambayar farko ba ta rasa kome idan ta jira, ta biyu kuwa jinkirinta yana iya zama halakar mai ita. Sai dai akwai wani abu da ya haɗa labaran biyu, wanda na fi so mai karatu ya riƙe: a na farko bai manta da wanda ya jinkirta ba, a na biyu kuma bai manta da aikin da ya ajiye ba. Mu kam idan muka jinkirta mutum sai mu mance da shi, idan kuma muka ajiye aiki sai ya kwana a inda muka bar shi.

Sai kuma ƙissar da Alƙur'ani da kansa ya ajiye mana a farkon Suratu Abasa, lokacin da Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya zo yana neman a sanar da shi, Annabi kuwa yana tsakiyar magana da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin shiriyarsu, wadda da ta samu da jama'a masu yawa sun bi bayansu. Duk wani mai lissafin duniya zai ce aikin da ke hannu ya fi nauyi, amma wahayi ya sauka ya rinjayar da ɓangaren makahon, domin shi ya zo da gaske yana tsoron Allah, su kuwa suna nuna ba su da bukata. Daga baya wannan bawan Allah ya zama ladan tare da Bilal, kuma an sha barinsa ya ja wa mutanen Madina salla idan an fita yaƙi. Abin da wannan ƙissa take tona mana shi ne cutar da ta fi kowace yawa a wuraren aikinmu: ba bukata muke aunawa ba, mai bukatar muke aunawa. A shiga kowane ofis da hantsi a gani. Tsohuwa ta taso daga ƙauye tun asuba, ta biya kuɗin mota, tana riƙe da takardun fanshon mijinta a cikin leda, ta zauna a benci tun buɗewar ƙofa, an ce mata malam yana aiki, ta jira; sai ga wani mai babbar riga ya shigo ba sallama, ba wata bukata gare shi ba face gaisuwa, nan da nan a rufe fayil, a miƙe tsaye, a aika masinja ya sayo lemo, a shafe sa'a guda ana taɗin siyasa. Aikin da ya hana a saurari tsohuwa bai hana a saurari alhaji ba, ashe dai ba aikin ne ya hana ba.

Amma kada wani ya fahimci cewa duk wanda ya yi sallama yana da haƙƙin a ajiye masa kome. Shari'ar da ta kare mai zuwa ita ce ta kare wanda aka zo wa. Suratun Nur ta hori mai neman izinin shiga da cewa idan aka ce masa ya koma, to ya koma, ta kuma nuna hakan ya fi tsarki a gare shi. Ta keɓe lokuta uku, kafin sallar asuba da lokacin ƙailula da bayan lisha, waɗanda ko yaran gida sai sun nemi izini. Suratul Hujurat ta zargi waɗanda suka tsaya a bayan ɗakuna suna ƙwala wa Annabi kira maimakon su yi haƙuri har ya fito. Abu Musa al-Ash'ari ya yi sallama sau uku a ƙofar Sayyidina Umar, wanda wani aiki ya shagaltar da shi, da bai ji amsa ba sai ya juya ya tafi, bai ɗauki abin wulaƙanci ba. Mu kuwa a ƙasar Hausa mun gaji kunya da zumunci, abubuwa biyu masu kyau da ba na fatan mu rabu da su, amma mun bar su sun hana mu furta kalmar da Allah ya halatta mana. Tela yana da ɗinkin mutane jibge ana saura kwana uku salla, aboki ya zo ya zauna a kan benci da hira, shi kuwa ba zai iya cewa a yi masa uzuri ba, sai ya ɗage ƙafa daga keke yana amsawa. Ranar jajibere kuma ya shiga ɓuya, yaran mutane su tafi idi da tsohon kaya. Kunyar da ya ji ta mutum ɗaya ya biya ta da haƙƙin mutum goma waɗanda ba sa nan balle su yi magana.

Wannan shi ne ɓangaren da ba a cika tunawa da shi ba, wato cewa aikin da ke hannu shi ma yana da masu shi, sai dai ba su da murya a wannan sa'a. Takardar da ke kan tebur albashin wani ce, ko gadon marayu, ko maganin majinyaci. Kuma wanda aka ɗauka aiki na ƙayyadaddun sa'o'i a kan lada sananne, malamai sun bayyana cewa amfanin waɗannan sa'o'i na wanda ya ɗauke shi ne, in ban da abin da farilla da larura suka ci, har ma sun hana shi tsawaita nafila idan za ta tauye aikin. To idan nafila ba ta samu wannan dama ba, ina ga hira, ina kuma ga wayar hannu, wadda ta zama mai sallamar da ba ya tsayawa a ƙofa, ba ya ƙirga uku, ba ya kuma komawa idan an ce ya koma? Taura biyu ba ta taunuwa, kuma duk wanda ya taɓa haɗa lissafi ya san cewa idan aka katse shi a tsakiyar shafi, ba daga inda ya tsaya zai ci gaba ba, sai ya koma sama ya faro.

Imam Malik, Allah ya yi masa rahama, yana da wata hanya da Alƙali Iyal ya kawo a cikin Ashafa, littafin da ake karantawa a masallatanmu da azumi. Idan mutane suka taru a ƙofarsa, sai a fito a tambaye su: hadisi suke so ko mas'ala? In suka ce mas'ala, sai ya fito nan da nan ya ba su fatawa. In kuwa suka ce hadisi, sai ya shiga ya yi wanka, ya sa turare da sababbin tufafi, ya naɗa rawani, sannan ya zauna. Asalin wannan girmama hadisin Manzo ne, amma akwai wata hikima a ciki ga kowane ma'aikaci, ita ce ana tambayar mai zuwa abin da ya kawo shi tun daga ƙofa, kowace bukata kuma a ba ta lokaci da shirin da ya dace da ita. Shehu Magili kuma, da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiharsa a ƙarshen ƙarni na 15, ya nanata masa haɗarin sarki ya ɓoye wa talakawansa, ya kuma hore shi da ya riƙa zama kullum a inda raunana za su iya isa gare shi. Ba cewa ya yi ƙofa ta kwana a buɗe ba; abin da ake fahimta shi ne a sanya wa jama'a lokaci sananne wanda ba ya tashi, domin idan mutane suka tabbata akwai sa'ar da za a saurare su, ba za su riƙa kutsawa a kowace sa'a ba.

Saura kalmar nan ta "je ka ka dawo", wadda ta zama ruwan dare a bakin ma'aikata da masu sana'a. Halal ce idan an faɗe ta da gaskiya, domin mun ga an jinkirta mai tambaya a majalisa mafi daraja. Amma da zarar ta fita daga baki ta zama wa'adi, saɓa wa'adi kuwa yana cikin alamomi uku da hadisi ya lissafa wa munafuki. Saboda haka wanda zai ce wa mutum ya dawo, wajibi ne ya ambata masa rana da sa'a, ya rubuta don kada ya manta, ya kuma dubi nisan da mutumin ya taso, domin "gobe" ga mazaunin unguwa taku kaɗan ne, ga wanda ya zo daga ƙauye kuwa kuɗin mota ne zuwa da komowa, da yinin gona guda, wani lokaci ma da kwana a tasha. In an duba an ga bukatarsa ta sa hannu ɗaya ce, to tasa ce mai kuɓucewa, fayil ɗin da ke kan tebur zai iya jiran minti biyar.