Matsayin Wikipedia a Ma'aunin Malaman Ruwaya

Wikipedia kundin ilimi ne na intanet wanda Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe a watan Janairun 2001, kuma abin da ya bambanta shi da kundayen da suka gabace shi shi ne duk mai waya ko kwamfuta yana iya gyara mafi yawan shafukansa ba tare da an nemi sunansa na gaskiya ko takardar shaidar karatunsa ba. Tun da ɗaliban sakandare a Dakoro da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi suna cin karo da shi da Faransanci ko da Hausa duk lokacin da suka nemi wani bayani a waya, ya dace a auna shi da tambayar da malaman Musulunci suka daɗe suna yi, wato da wane sharaɗi labarin da mutum bai gani da idonsa ba yake zama abin dogaro.

Malaman hadisi sun raba kowane labari gida biyu, isnadi, wato jerin mutanen da suka karɓo maganar hannu da hannu, da matani, wato ita kanta maganar. Sun sharɗanta wa mai ruwaya adalci, ma'ana ya kasance mai tsoron Allah da ba a san shi da ƙarya ba, da kuma kiyayewa, ma'ana ya riƙe abin da ya ji ba ragi ba ƙari. Domin tantance waɗannan siffofi ne irin su Yahaya bin Ma'in da Ibn Abi Hatim suka gina fannin jarhu da ta'adili, wanda yake bayyana aibin mai ruwaya ko ingancinsa, kuma mafi yawan malamai ba sa kafa hujja da majhuli, wato wanda ba a san ko wane ne ba. A wannan ma'auni, marubucin Wikipedia mai ɓoyayyen suna majhuli ne, don haka maganarsa ita kaɗai ba ta isa hujja.

Sai dai kundin bai nemi a dogara da marubucinsa ba, domin ƙa'idarsa ita ce a jingina kowane bayani ga littafi ko jarida ko binciken da aka riga aka wallafa, sannan kowane shafi yana da tarihin gyare-gyare da ke nuna abin da aka canza da ranar da aka canza shi. Ingancin shafi ya rataya ke nan a kan samuwar rubutattun madogarai da kuma yawan masu sa ido. Inda waɗannan suka yawaita sakamakon yakan yi kyau, kamar yadda mujallar Nature ta nuna a 2005, lokacin da ta kwatanta muƙalu 42 na kimiyya ta sami kusan kuskure 4 a kowace muƙalar Wikipedia da kusan 3 a ta kundin Britannica. Inda suka ƙaranta kuwa ɓarna takan daɗe, domin a 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke da bai iya harshen Scots ba ya rubuta fiye da muƙalu 20,000 a sashen wannan harshe, an kuwa yi shekaru ba a farga ba.

Al'amuran Dakoro suna cikin kashi na biyu, inda madogarai da masu sa ido suka ƙaranta. A 2011 aka cire Bermo daga Dakoro ta zama gunduma mai zaman kanta, saboda haka duk bayanin faɗin ƙasa ko yawan jama'a da aka kwaso daga tsohon littafi, ko wanda ya sanya gandun dajin Gadabeji a cikin gundumar Dakoro, yana iya zama yana da madogara amma zamani ya wuce shi. Abin da ya fi wannan zurfi shi ne tarihin Birnin Lalle, wadda ta taɓa zama cibiyar sarautar Gobir, da na sarautar Kornaka, da na zaman manoma da makiyaya a kwarin Tarka, domin mafi yawansa yana bakin dattawa da maroƙa da makaɗan fada, alhali kundin ba ya karɓar abin da ba a wallafa ba. Dattijon da aka san asalinsa da gaskiyarsa ba shi da mazauni a shafin, amma baƙon da ya ratsa ƙasar ya buga littafi yana da shi. Ga kuma cewa da yawa daga muƙalun Hausa fassara ce daga Ingilishi, wadda take gadon kuskuren asali ta ƙara da na mai fassara.

Akwai kuma ruɗin yawa, inda mai karatu yake ganin bayani ɗaya a shafuka goma sai ya ɗauka ya tabbata. Mutawatiri a wajen malamai shi ne labarin da jama'a masu yawa suka karɓo daga jama'a masu yawa a kowane mataki, ta yadda ba zai yiwu su haɗu a kan ƙarya ba, amma shafuka goma da suka kwafo daga wuri ɗaya shaida ɗaya ce tak. Wani lokaci ma jarida takan ɗauki kuskure daga kundin, daga baya a kafa hujja da jaridar a cikin kundin. Maganin wannan shi ne auna matani da hankali, kamar yadda Ibn Khaldun ya yi a littafinsa Muƙaddima da ya ƙi yarda da adadin mayaƙa 600,000 da aka jingina wa Banu Isra'ila, yana mai duba abin da ƙasa da zuriya za su iya ɗauka.

Hukuncin da ya dace shi ne a ɗauki kowane shafi da nasa matsayin, a duba madogararsa da shekarar da aka buga ta, a bi ta zuwa tushe idan lamarin ya shafi lafiya ko addini ko mutuncin wani, daidai da umurnin bincika labari da ke aya ta 6 ta Suratul Hujurat. Giɓin da ke shafukan Dakoro kuwa ba zai cike ba sai malamai da ɗaliban yankin sun tattara ruwayoyin dattawa tare da sunayen masu ruwayar, kamar aikin da cibiyar CELHTO ta Yamai take yi, sun wallafa su, domin a sami abin da za a jingina bayani gare shi.