Doka, Riba ko Lamiri: Me Ke Sa Mutum Ya Kula da Ƙasar Allah?

A garuruwa da yawa na ƙasar nan, ruwan farko na damina yakan tona asirin unguwa. Lambatu ya cika ya tumbatsa, ledojin ruwan sha su yi ta yawo a kan titi, ruwa ya shiga ɗakuna ya jiƙa katifa da buhun hatsi. Kashegari kowa ya fito yana zagin gwamnati. Amma cikin masu zagin, da wuya a sami wanda bai taɓa jefa leda a hanyar ruwa ba, kuma dukansu sun san illar yin haka. Akwai malamin makaranta a cikinsu, akwai ma'aikaciyar asibiti, akwai dattijon ikilisiya. Ashe sani kaɗai bai isa ba. To, me ke sa mutum ya kula da abin da ba nasa shi kaɗai ba, kamar rafi da kurmi da iska?

Amsar da hukumomi suka fi dogara gare ta ita ce doka. A 1988 aka gano cewa wasu 'yan kasuwa daga Italiya sun jibge fiye da tan 3,000 na shara mai guba a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta. Fushin da ya biyo baya ya sa gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato FEPA, a wannan shekarar. A 1999 aka buɗe Ma'aikatar Muhalli, a 2007 kuma aka kafa NESREA domin tilasta bin ƙa'idoji. Doka tana da muhimmanci, gama babu wa'azin da zai tsai da jirgin guba a bakin teku. Sai dai idonta ba ya kaiwa bayan gidan kowa. Dattawa suna tunawa da yaƙi da rashin ɗa'a na 1984, da tsabtace muhalli da aka ƙara masa a 1985, da Asabar ɗin ƙarshen wata da ake hana zirga-zirga da safe. Wasu sun yi shara, da yawa kuwa sun kulle ƙofa sun jira ƙarfe goma. Wanda ya ɗauki tsintsiya domin tsoron bulala, ranar da bulala ta tafi yakan jingine tsintsiyar.

Wasu masana suka ce maganar riba ce. A 1968 wani masani ɗan Amurka, Garrett Hardin, ya ba da misalin makiyayar da kowa ke da iko da ita. Kowane makiyayi zai ga gara ya ƙara saniya ɗaya, domin ribar tasa ce, asarar ciyawa kuwa ta kowa ce. Haka za su yi ta ƙarawa har fili ya zama fako. A ganinsa, mafita ita ce hukuma ta riƙe filin, ko a raba shi kowa ya san nasa.

Abin da ya faru a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar ya gwada wannan ra'ayi. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwan da saiwarsu ke da rai. Idan aka rage tohon aka bar kaɗan masu ƙarfi, itace zai tashi ba tare da dashe ba. Lokacin yunwar 1984 aka ba manoma abinci domin su bar itatuwa a gonakinsu. Da abincin ya ƙare, aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Waɗanda suka bar nasu suka fara samun itacen girki da abincin dabbobi, iska ta daina binne shukarsu, maƙwabta kuma suka gani suka kwaikwaya. Da hukuma ta sassauta tsohuwar ƙa'idar da ta mai da itatuwa mallakar gwamnati, manomi ya tabbata gawon da ya rena nasa ne. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, bincike ya nuna itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin kadada kusan miliyan 5. Ladan da aka biya daga waje ya ƙare da wuri, amma amfanin da mutum ya gani da idonsa a gonarsa ya dawwama.

Duk da haka ba a iya yanka rafi ko iska a ba kowa rabonsa. A nan aikin Elinor Ostrom ya haskaka hanya. Wannan mata, wadda ta karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta bincika makiyaya a ƙauyukan Suwizalan da hanyoyin ban ruwa a Sifen da Nepal. Ta tarar da jama'o'in da suka kiyaye kayan tarayya shekaru aru-aru. Su da kansu suka tsara ƙa'idojinsu, suna sa ido a kan juna, horon mai laifi kuma yana farawa da sauƙi kafin ya yi tsanani. Mutum yana jin kunyar maƙwabcinsa fiye da yadda yake tsoron ofishin da ke Abuja.

Ina matsayin bangaskiya cikin wannan duka? A 1967 masanin tarihi Lynn White ya zargi Kiristanci da koya wa mutum cewa halitta baiwarsa ce, ya yi yadda ya ga dama da ita. Bai kamata a yi saurin watsi da zargin ba, gama akwai masu bi da ke rayuwa kamar haka ne. Amma Littafi Mai Tsarki ya koyar da wani abu dabam. Mutumin da aka ba mulki a Farawa sura 1, shi ne aka sa a gona a sura 2 domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Littafin Firistoci sura 25 ya umarta a bar ƙasa ta huta kowace shekara ta bakwai, ya kuma hana sayar da ita har abada, domin Ubangiji ne mai ita. Maimaitawar Shari'a sura 20 ta hana sare itatuwa masu 'ya'ya ko a lokacin yaƙi, sura 23 kuma ta tsara inda za a zagaya a bayan zango, da dalili cewa Allah yana tafiya a tsakiyar jama'arsa. Mai bi wakili ne a kan kayan wani, kuma Mai kayan yana gani ko da jami'i da maƙwabci sun yi barci. Tazarar da ke tsakanin sanin nagarta da aikata ta kuwa, Manzo Bulus ya yi kuka a kanta a Romawa sura 7. Ciwon na zuciya ne, maganinsa kuma ya haɗa da tuba.

Wani zai ce, ai duniyar nan mai shuɗewa ce. Jikin mutum ma mai komawa ƙasa ne, amma ba wanda ya daina wanka ko shan magani saboda haka. Wani kuma zai ce, gwauruwar da ba ta da kuɗin gas, da me za ta dafa tuwo in ba da itace ba? Wannan ƙorafi yana da nauyi. Alhaki yana bin ƙarfin mutum. Zai zama rashin adalci ikilisiya ta tsauta wa mai ɗaurin itace a ka, ta yi shiru ga mai loda manyan motoci da gawayi don kawai zakarsa tana da kauri.

Abin da Ostrom ta yi ta nema a ƙasashe yana nan a kowace ikilisiya: mutane da suka san juna, suna taruwa kowane mako, suna da dattawa da zumuntar mata da ƙungiyar matasa, sau da yawa har da fili. Majalisar dattawa tana iya tsai da shawara cewa ba za a watse daga babban taro a bar filin cike da leda ba. Tana iya raba wa iyalai itatuwan harabar sujada, kowanne da nasa na ban ruwa, a kuma tambaye su labarinsa bayan rani. Tana iya aika wakilai zuwa ƙaramar hukuma su nemi motar kwashe shara, gama tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Amma tushen yana cikin gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ga mahaifinsa ya sauke gilashin mota ya jefar da roba a hanyar dawowa daga sujada ya riga ya koyi darasin da malamin makarantar Lahadi zai sha wuya kafin ya goge. Wanda kuwa ya ga uwarsa ta riƙe ledarta har gida, zai girma da sanin cewa ƙasar da yake takawa amana ce, kuma akwai ranar da za a ba da lissafinta.