IDAN MOTA TA TUƘA KANTA, INA ARZIKIN DIREBA?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, mai ciyar da bayinSa ta inda suka zata da inda ba su zata ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana matashi, dalilin wannan ɗan bayani shi ne, ran nan bayan mun idar da sallar La'asar a Kwanar Ɗangora, wani saurayi ya tare ni. Ya ce, "Malam, shekara 4 ke nan da na bar makaranta ina bin tirela, ni ne wanki, ni ne kwance taya, ni ne kwana a ƙarƙashin mota. Burina in karɓi lasin in kama sitiyari. Yanzu kuma na gani a waya an ƙera tirelar da ba ta buƙatar direba. Wahalar banza na yi ke nan? Kuma ya halatta a ƙera abin da zai raba mutum da abincinsa?" Na tabbata ba shi kaɗai ke da wannan damuwa ba, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa.

Da farko dai ka sani, labarin gaskiya ne. Tun 2008 kamfanin Rio Tinto ya soma aiki da manyan motocin kwasar ƙasa marasa direba a ma'adinansa na Pilbara a ƙasar Ostireliya, ana lura da su daga birnin Perth, tazarar kilomita wajen 1,500. A 2025 kuma kamfanin Aurora na Amurka ya sa tirela ta ɗauki kaya tsakanin Dallas da Houston, tafiyar da ta fi nisan Kano zuwa Kaduna, ba kowa a kan sitiyari. Ba sihiri ba ne, ba kuma aikin aljanu ba. Kyamarori ne da na'urorin auna tazara ke duba hanya, kwamfuta kuwa ta murza sitiyari ta taka birki. Dalilin masu kamfani a fili yake: na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta neman kuɗin abinci, ba ta cewa ɗanta ba lafiya.

To, gobe za ta iso nan? A'a. Irin wannan mota titi mai laushi take so, mai zane da alamomi. Ka ɗora ta a hanyar Jos, ta ratsa dajin Falgore cikin ramuka da garken shanu da shingayen jami'ai, ka ga yadda za ta ƙare. Amma kada wannan ya sa ka saki jiki. Kai da kake shekara 20 yau, sana'ar da za ta riƙe ka shekara 40 kake nema. Ga kuma sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinsa a 2021. Jirgi guda yana jan lodin tireloli masu yawa. In tirela ta ragu a titi, ba direba kaɗai zai ji a jikinsa ba. Har da mai faci, da bakanike, da mai shayi, da ɗan kamasho, da mai sayar da abinci a bakin tasha.

Sai tambaya ta biyu: haramun ne? Ka sani, asalin al'amuran duniya halacci ne, sai abin da dalili ya hana. A Suratun Nahli aya ta 8, bayan Allah Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, Ya sanar da mu cewa Yana halittar waɗansu abubuwan da ba mu sani ba. Wanda ya ce motar nan haramun ce don ta karɓe aikin direba, sai mu ce da shi, ai gingimarin da kake tuƙawa ita ma aikin masu jakuna ta karɓe. Kuma mu faɗi gaskiya ko da a kanmu: rayuka nawa suka salwanta a titin Zariya saboda barci, da gudun wuce sa'a, da ƙwayar da waɗansu ke haɗiya don su kwana suna tuƙi? Abin da zai tsare rai ba a tsine masa.

Ka dubi tarihin ƙasarka. A Bebeji aka haifi Alhaji Alhasan Ɗantata a 1877, ɗan gidan fatake ne masu bin ayarin goro zuwa Gwanja, tafiyar watanni a ƙafa da jakuna. Da ya ga jirgin ruwa na iya kai goro Ikko daga bakin tekun Gana, sai ya yi amfani da shi. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, bai tsaya zagin jirgi ba, sai ya shiga cinikin gyaɗa. Ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Ayari ya mutu, madugu ya zama tarihi, amma arziki bai mutu ba, domin ba jaki ne ke ciyarwa ba, haka ma sitiyari. Sababi ne kawai, sababi kuwa yana sākewa.

Wataƙila ka ce, "Malam, ai ba kowa ne Ɗantata ba." Gaskiyarka. Ba a rubuta sunayen masu jakunan da suka rasa abin yi ba. A nan ne nauyi ya hau kan mai dukiya. Halaccin na'ura bai halatta zalunci ba. Mutum ya yi maka tuƙi shekara 20, bayansa ya ƙage, idonsa ya raunana, ka wayi gari ka karɓe makulli ka ce ya gaishe da gida, don ka sami abin da ya fi shi araha? Addinin da ya yi umarni a biya ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba, bai yarda a yar da shi kamar tsohuwar taya ba. Suratul Hashri aya ta 7 ta nuna ba a son dukiya ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kaɗai. Saboda haka a sanar da ma'aikaci da wuri, a sallame shi da abin da zai yi jari, a koya wa yaransa sabon aikin, a fitar da zakka cikakkiya. Hukuma da ƙungiyoyin direbobi su ma abin tambaya ne ranar Lahira.

Kai kuma naka nauyin fa? Waɗansu sukan ce, "Bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci," su miƙe ƙafa a gindin mota suna karta. Wannan ba tawakkali ba ne, lalaci ne. Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna, sannan ya dogara ga Allah. Annabi Yusufu (A.S.) kuwa tun cikin shekarun yalwa ya shirya wa fari.

Abin da na faɗa wa saurayin nan shi nake faɗa maka. Kada ka bar motarka, tuƙi sana'a ce ta halal mai daraja. Amma kada ka tsaya a sitiyari kaɗai. Ka koyi inji da wayarin, domin motocin yanzu sai an jona musu kwamfuta ake gane ciwonsu, kuma ko motar da ke tuƙa kanta ba ta gyara kanta. Ka koma ajin dare ka iya karatu da lissafi. Kuɗin da ke tafiya a caca da ƙwaya da shashanci a masaukin hanya, ka tara ka sayi gona. Ga ruwan Tiga a ƙofar gidanka, ga kasuwar shinkafa a Tudun Wada. Ƙanenka kuwa kada ka cire shi daga makaranta ka ɗora shi a bayan mota. Sama da kome, ka riƙe amana da salla a kan lokaci, don har gobe ana neman mutumin da za a damƙa wa dukiya a yi barci.

Allah Ya ba mu arziki na halal, Ya tsare direbobinmu a kan hanya, Ya sa mu dace duniya da Lahira, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.