SHAHIDAI A KAN ALLON DUTSE



Ranar 12 ga watan Mayu Eklesiya takan tuna da tsarkaka Nereus da Akilleus. Sojojin Roma ne waɗanda suka ba da gaskiya, suka ajiye takobi da garkuwa, aka kuwa kashe su saboda sunan Yesu. A birnin Roma, cikin cocin da ake kira Chiesa Nuova, akwai hotonsu kusa da babban bagade, suna tsaye tare da tsarkakiya Domitilla. Abin mamaki, a kan dutse aka zana shi.

Ga yadda abin ya faru. A shekara ta 1606 aka ba wani gwanin zane mai suna Rubens aikin hoton bagaden. Ya yi shi a kan ƙyalle, kamar yadda aka saba. Amma da aka kafa shi, sai hasken da ke shigowa ta tagogi ya riƙa sa fentin walƙiya, har masu sujada ba su iya ganin fuskokin tsarkakan. Rubens ya sake aikin a 1608, a kan faifai uku na baƙin dutse, irin wanda ake yin allon makaranta da shi. Wannan dutse shan haske yake yi, ba ya ƙyalli. Nan take fuskokin suka bayyana, suna nan kuma har wa yau, bayan shekara fiye da 400.

Mu mutanen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa mun san dutse, mun kuma san jini. 'Yan bindiga sun sa mu kuka, Kirista da Musulmi baki ɗaya. Ba mu manta da Michael Nnadi ba, ɗalibin makarantar firistoci mai shekara 18, wanda aka sace a Kaduna, aka kashe a farkon 2020. Ba mu manta da Fada Alphonsus Bello ba, wanda aka kashe a Malumfashi cikin watan Mayu na 2021. A irin wannan hali zuciya takan ce mana: ɗauki dutse ka rama.

To, dutse iri biyu ne a cikin Littafi Mai Tsarki. Akwai wanda aka jefi Istifanus da shi, shi kuwa yana roƙa wa masu jifansa gafara. Akwai kuma wanda Manzo Bitrus ya kwatanta mu da shi, dutse mai rai da ake gina gidan Allah da shi. Wanne za mu zama?

Fushi da ramuwa da neman suna ƙyalli ne, sukan rufe fuskar Kristi har maƙwabcinmu ya kasa ganinta a cikinmu. Zuciya mai haƙuri, wadda ta kafu, a kanta ne Ruhu Mai Tsarki yake zana wannan fuska. Neman tsaro da adalci daga hukuma hakkinmu ne, kada mu fasa. Amma mu kiyaye harshenmu a kasuwa, mu je gaisuwar mutuwa gidan maƙwabci ko da addininmu ya bambanta, mu koya wa 'ya'yanmu gafara.

Tsarkaka Nereus da Akilleus, ku yi addu'a dominmu. Amin.