Ina Sauran Taran?

Karatun yau: Luka 17:11-19

 

Akwai wata magana da ake yawan ji a bakin yara a kwanakin nan, wani lokaci har a bakin iyayensu. In aka ce wa yaro ya gai da malaminsa da ladabi, ko ya karɓar masa kaya, sai ya ce, "Ai aikinsa yake yi, ana biyansa." In aka ce masa ya gode wa Allah domin ya sami shiga makaranta, sai ya ce, "Ai kyauta ce, hakkina ne." Kada mu yi saurin tsawata wa yaron nan, gama akwai gaskiya cikin maganarsa. Malami yana karɓar albashi. Tsarin mulkin Gana na 1992 kuma ya ce ilimin farko hakkin kowane yaro ne, kyauta kuma dole. To, tambayarmu ta yau ke nan: abin da ya zama hakkinka, aka kuma biya wanda ya ba ka shi, akwai sauran bashin godiya a kanka?

Bari mu fara da labarin da muka karanta. Kutare goma suka tsaya daga nesa suna roƙon Yesu ya ji tausayinsu. Ya aike su wurin firistoci, kamar yadda Shari'ar Musa ta tsara. Suna cikin tafiya sai suka ga sun tsarkaka. Ɗaya kaɗai ya juyo, shi kuwa Basamariye ne, baƙo. Yesu ya tambayi inda sauran taran suke. Ka lura da kyau, mutum taran nan ba su karya doka ba. Abin da aka ce su yi, shi suka tafi yi. Yesu kuma bai janye warkarwarsu ba. Duk da haka ya yi tambayar, domin akwai bashin da alƙali ba ya karɓa, amma zuciya ta san da shi. Taran sun tafi da lafiyar jiki kawai. Ɗayan da ya komo ya tafi da lafiya, ya kuma san wanda ya ba shi.

Yanzu mu komo gida. Yaron da ya ce karatu kyauta ne, bai san tarihin kujerar da yake zaune a kai ba. A Cape Coast, can bakin teku, an buɗe makarantar sakandare ta Mfantsipim tun 1876. A nan arewa kuwa, sai 1951 aka buɗe sakandare ta fari a Tamale. Shekara 75 ke nan tsakani. Ba domin 'ya'yan arewa ba su da ƙwaƙwalwa ba ne. Turawan mulki sun fi so arewa ta riƙa ba su leburori, masu haƙar zinariya da masu aikin gonar koko da sojoji, saboda haka suka yi ta jan ƙafa a kan makarantu. Fada-fadan Katolika sun iso Navrongo a 1906, suka fara koyar da yara kaɗan. Gwamnati ta buɗe makarantarta a Tamale a 1909. 'Yan mishan na Basel sun zauna a Yendi a 1913, amma yaƙin duniya na fari ya katse aikinsu. Kakanninmu da yawa sun mutu ba su iya karanta takardar harajin da suke biya ba. In wasiƙa ta zo daga ɗansu a Kumasi, sai su yi ta yawo da ita suna neman mai karanta musu, asirin gida ya zama na kowa.

Daga baya abubuwa suka sake. A zamanin Kwame Nkrumah aka sauƙaƙa wa 'ya'yan arewa kuɗin makarantar kwana, aka kuma yi dokar ilimi ta 1961. Tun shekarun 1950 ake horar da malamai a Pusiga, nan kusa da mu. A 1992 aka kafa jami'a a Tamale. A 2005 aka fara ba yara abinci a makarantun firamare. A watan Satumba 2017 aka soke kuɗin sakandare a ƙasar duka, yara suka yi yawa har a 2018 aka raba su kashi biyu, waɗansu suna makaranta, waɗansu suna hutu. Yau yarinya daga ƙauyen da ke bakin iyakar Togo tana iya shiga sakandaren Tempane ba tare da ubanta ya sayar da saniya ba.

Amma kyauta a gare ka ba kyauta ba ce ga kowa. Wani ne ya biya. Mai sayar da albasa a kasuwar Bawku ya biya da harajinsa. Manomin koko da bai taɓa ganin Tempane ba ya biya. Uwarka ta biya, ita da ta rasa hannunka a gonar gero da damina, ta ɗauki aikin mutum biyu domin ka zauna a aji. Ka tuna kuma da tsaranka. Wani yana cikin ramin haƙar zinariya a yanzu haka. Wata tana ɗaukar kaya a ka a kasuwannin Kumasi da Akara, tana kwana a bakin shago. Ba ka fi su wayo ba, ba ka fi su tsarki ba. Ƙofa ce ta buɗe maka, ba ta buɗe musu ba. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Tukwicin wannan kyauta shi ne ka riƙe ta da hannu biyu.

Kada kuma mu ɗauka ƙofar nan ba ta rufuwa. Mutanen Bawku sun san yadda rikici yake kulle makaranta. An sha sa dokar hana fita, malamai da ma'aikatan asibiti sun sha barin gari domin tsoron ransu. A watan Yuli 2025 an harbe 'yan makaranta har lahira a sakandaren Bawku da na Nalerigu, aka rufe makarantun, yara suka watse. Duk ranar da ka ji ƙararrawa ta kaɗa, ka iske malami a tsaye gaban allo, ka sani alheri ne ya same ka a ranar.

To, malamin fa da ake biyansa? Gaskiya ne gwamnati tana biyansa. Amma me take saya da albashin? Tana sayen sa'o'insa, daga safe zuwa tashi. Ba ta iya sayen haƙurin da zai sa ya maimaita maka lissafi sau uku ba tare da ya kunyata ka ba. Ba ta iya sayen idon da zai lura cewa yarinyar nan ta daina zuwa, ya hau keke ya je ya roƙi ubanta kada a aurar da ita tukuna. Ba ta iya sayen zuciyar da za ta sa ya zauna a ƙauyen da babu wuta, babu famfo, hanya kuwa ta yanke da damina, alhali abokansa sun nemi canji zuwa birni. Ungozoma ma ana ba ta lada, amma ba wanda ya taɓa cewa don haka uwar jariri ba za ta yi mata godiya ba. Albashi na aiki ne. Girmamawa ta mutumin ce da ya zuba ransa cikin aikin.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Salaga garin malamai ne tun zamanin fataken goro. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a can, bayan yaƙin basasa na 1892 ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Har yau ana ambaton sunansa a zanguna, domin almajiransa ba su yar da shi ba. Maƙwabtanmu Musulmi sun san wannan ladabi: almajiri ya durƙusa ya gai da malam, ya taya shi noma, ko ya tsufa ba ya kiran sunansa gatsau. Mu da muke da Littafi Mai Tsarki a hannu, bai kamata a bar mu a baya ba. An san Elisha da cewa shi ne mai zuba wa Iliya ruwa a hannu kafin a san shi da annabci. Manzo Bulus, bayan ya rabu da tafarkin Farisiyawa, bai ji kunyar ambaton Gamaliyal da ya koyar da shi ba. Shi ne kuma ya tuna wa Timoti da kakarsa Lowis da uwarsa Afiniki, malamansa na fari.

Wani zai ce, "Mai wa'azi, ba ka san malaminmu ba. Ranar kasuwa ba ya zuwa aji. Yakan zo da warin giya. Yana aiken yara gonarsa a lokacin karatu." Wata kuma tana da maganar da ta fi wannan nauyi, tana jin tsoron faɗa. Ba za mu rufe ido mu ce babu irin waɗannan ba. Akwai su. Wasiƙar Yakubu ta gargaɗi masu koyarwa cewa shari'arsu za ta fi tsanani, kuma ba wanda zai tsere mata.

Amma dubi yaron nan Sama'ila. Eli da ya rene shi ba cikakken mutum ba ne, ya kasa kwaɓar 'ya'yansa. Duk da haka sau uku Sama'ila ya tashi cikin dare ya ruga wurinsa, yana tsammani shi ne ya kira. Da gari ya waye, Eli ya tambaye shi, sai ya faɗa masa magana mai ɗaci dukanta, bai ɓoye kome ba. Ga ladabi, ga gaskiya, a bakin yaro ɗaya. Girmama malami ba ya nufin yin shiru a kan mugunta. Ke 'yata, in malami ya neme ki da lalata, ko ya ce sai kin yarda zai ba ki maki, ki gaya wa uwarki, ki gaya wa hedimasta, ki gaya wa matar fasto, kada ki daina faɗa sai an ji ki. Wannan ba rashin kunya ba ne, ceton ƙannenki ne, ceton sunan malaman kirki ne kuma.

Abin da ba shi da kyau shi ne ɗaukar doka a hannu. A watan Agusta 2020, lokacin jarrabawar fita sakandare, 'yan makaranta a waɗansu wurare na Gana sun yi tarzoma domin an tsananta tsaro an hana satar amsa. Suka farfasa kaya, suka tasam ma masu lura da jarrabawa, har hukumar ilimi ta kori 14 daga cikinsu. Waɗannan kuwa su ne rukunin fari da suka ci moriyar sakandare kyauta. Malamin da ya hana ka satar amsa, shi ne mai ƙaunarka. Wanda ya sayar maka da amsa ya sayar maka da takarda, ya bar ka da duhun kai, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Iyaye, maganar nan ta fi shafarku. A 2017 hukumar ilimi ta hana bulala a makarantu, waɗansu suka ce shi ke nan ladabi ya mutu. In bulala ce kaɗai take riƙe da ladabin yaro, ashe tsoro ne, ba ladabi ba. Ladabi a gida ake shuka shi. Yaron da ya ji ubansa yana zagin malami a kan tabarmar cin tuwo, gobe ba zai saurari malamin ba. Uwar da ta ɗaura ɗamara ta tafi makaranta yin faɗa ba ta ji ta bakin malami ba, ta koya wa ɗanta darasin da zai juyo mata wata rana. In akwai ƙara, a kai ta taron iyaye da malamai, a faɗe ta fuska da fuska. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku kuma manya da kuka riga kuka zama wani abu, nas ko soja ko fasto ko ɗan kasuwa, ina malamin da ya kama hannunka ya koya maka rubuta sunanka? Mai yiwuwa yana nan a Garu ko Salaga, ya yi ritaya, idonsa ya raunana, yana jiran ɗan fanshonsa. Ba sai ranar malamai ta 5 ga Oktoba ba. Ka je a makon nan. Ka kai masa zabuwa ɗaya, ko kwanon gero, ko gaisuwa kawai. Ka faɗa masa sunanka da abin da ka zama. Haka kuma malamar makarantar Lahadi, wadda ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Yara ɗari suka bi ta hannunta. Nawa suka komo?

Basamariyen nan bai jira sauran taran ba. Shi kaɗai ya juyo.

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin waɗanda ka aiko su koya mana. Ka gafarta mana inda muka karɓa muka wuce ba mu waiwaya ba. Ka ƙarfafa malamai masu aminci, ka juyo da waɗanda suka kauce. Ka ba Bawku da kewayenta salama, domin yara su koma aji ba tare da tsoro ba. Ka tuna da waɗanda ba su sami shiga makaranta ba, ka buɗe musu hanya. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.